Ƙarfen da Na Ɗauko daga Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. Duk matar da ta zo sayen farfesun kai a rumfata sai ta jawo benci ta zauna, wai sai na ba ta labarin Kumasi, har romo ya yi sanyi a kwanonta. Maza kuwa tambayarsu guda ce: "Hajiya Kulu, wai da gaske an tare ki da bindiga a hanya?" Bakina ya gaji. Tunda Allah Ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe biro, bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, ni kuma in koma kan tukunyata.

Sai na fara da abin da na baro a gida, in ba haka ba ba za a gane abin da ya sa tsohuwa ta ratso ƙasashe da ƙarfe a cikin ƙunshin zane ba.

Mu rundawa ne, wato mahauta, ta wajen uwa da uba. Maigidana, Malam, sana'arsa babbaka. In an yanka dabba a kwata, shi da abokan aikinsa ke karɓar kai da ƙafa da fatar ganda su ƙone gashin, ni kuma in sara in dafa in sayar. Da muna yara da kara da itace ake yi. Da itace ya yi wuya sai aka gano tsohuwar tayar mota, ga ta a banza, ga wutarta ba ta mutuwa. Gidanmu yana bayan kwata. Da hantsi hayaƙin yakan tashi baƙi ƙirin ya kwanta a kan unguwa, ka shanya farin kaya ka ɗebe shi ruwan toka, ka fyace majina ka ga baƙi. Malam ya daɗe yana tari, irin wanda yake sa mutum ya dafa bango. Maƙwabciyata Madam Rifkatu, malamar asibiti ce, ta sha ce mini, "Hajiya, ba sanyi ne ke damun Malam ba, tayar nan ce." Nakan ce na ji, to amma mu ci me?

Sai ga duba-gari ya zo kwata ya tara masu babbaka. Ya ce iyayen 'yan makarantar da ke kusa sun kai ƙara, kuma kafin ruwa ya sauka ko a daina hayaƙin nan ko a mayar da wurin babbaka can bayan gari. A zamanin nan wa zai fita bayan garin Mafara da asuba yana tura baron nama? Mun san abin da ke dajinmu. Aka watse ba a yanke komai ba.

Ana cikin wannan zullumi aka kira ni a waya cewa Auta, ƙaramar ɗiyata, ta sauka a Kumasi, an samu namiji. Mijinta ɗan zangon Kumasi ne, amma kakanninsa daga ƙasar Bakura suka tafi, shi ya sa da ya tashi aure aka zo nema masa mata a tushe. Haihuwar fari ce, dole in je wankan jego. Malam ya ce, "Tahi, Kulu. In an kore mu kin iske mu a korarru." Ya yi dariya, tarin ya katse shi.

Ƙanena Ɗanjuma ya raka ni. Shi falken shanu ne, yana saye a kasuwar Janbako yana kaiwa kudu, kuma yana cika baki cewa babu iyakar da bai sani ba. Muka shiga mota muka wuce kwanar Bakura zuwa Sakkwato, daga can Jega, muka haye gadar Kwara muka isa Tsamiya, inda Nijeriya ta ƙare. A ɓangaren Benin wani jami'i ya ce in buɗe kayana. Ya ga kilishi ya yi murmushi, ya ga kuka ya gyaɗa kai, sai ya kai hannu ga bokitin daddawa. Ɗanjuma ya ce masa kada ya buɗe. Jin haka sai ya ƙara zargi, ya ɓalle murfin da ƙarfi a cikin ɗan ofishin da ba shi da taga. Kafin ka ce me, abokan aikinsa sun yi waje suna toshe hanci suna Faransanci da sauri. Shi kuwa ya tsaya ya shaƙa, ya ce da Hausarsa ta Dandi, "Irin na uwata!" Na ɗiba masa dunƙule biyu, ya buga mana hatimi yana ta godiya.

Benin ƙasar babura ce da man fetur a manyan kwalabe a bakin titi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri. Na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina ya motsa, na ba Ɗanjuma. A Jugu muka kwana, a gidan wani mai masaukin fatake, Bahaushe ne amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Matansa suka kawo mini wani abinci baƙi mai kama da dambu. Na ɗauka ya ƙone ne, na ce a raina baƙuwa ba ta ƙorafi, na rufe ido na kai baki. Ashe garin doya ne, wasa-wasa suke ce masa, da mai da yaji. Na cinye na nemi ƙari, suka yi ta yi mini dariya.

Togo siririyar ƙasa ce a wajen da muka ratsa, ban gama gyara zama ba aka ce mun fita. A nan ne fa cika bakin Ɗanjuma ya ƙare, don ya sa mu a motar da ta nufi wani gari daban, sai da wata mai sayar da ayaba ta yi ta buga jikin motar tana nuna mana baya kafin muka gane. Muka shiga Gana ta wajen Yandi muka iso Tamale. Abin da ya tsayar da ni a Tamale mata ne a kan babur. Mace da hijabinta, da goyo a baya, da buhu a gaba, tana murza babur a tsakiyar titi, babu mai juyowa ya dube ta. Na ce wa Ɗanjuma, "A Mafara da yara sun bi ta da gudu har gida." Ya ce, "Yaya, kada dai ki ce za ki saya."

Daga nan ƙasa ta fara duhu da itatuwa, ruwa yana zuba ba lokacinsa ba, har muka shiga Kumasi.

Mijin Auta ya tarbe mu a tasha. Ya durƙusa ya ce, "Mma, ka zo lafiya? Ka gaji ko?" Na waiga in ga namijin da yake gaisarwa, babu kowa sai ni. Na haɗiye abin har muka isa gida. Da na samu Auta ita kaɗai na ce, "Ke, mijin nan naki bai ga ɗankwali a kaina ba?" Ta yi dariya har ta riƙe cikinta, ta ce haka Hausarsu take, mace da namiji duk "ka" ne, ita ma "ya" ake ce mata. Ba shi ke nan ba. Da yamma sai ga surukin nawa ya ɗauko kwanonsa ya zauna kusa da ni zai ci abinci muna hira. A Mafara suruki ko hanya muka haɗa sai ɗaya ya kauce. Na ja mayafi na rufe fuska, shi kuma ya ɗauka ciwon kai nake yi, ya aika a sayo magani.

Abincinsu na saba da shi a hankali. Sakwararsu ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Dokunu, wani tuwon masararsu, tsami gare shi kamar an manta da kamu a rana. Shinkafa da wake kuwa har sunanmu suka ara, waake suke cewa, sai dai sun cika ta da tarkace har da taliya. Na ga kuma jana'izar Asantawa, ja da baƙin kaya, da kiɗa da rawa, na ɗauka biki ne har na tambayi ina amarya.

Ranar suna aka yanka rago. Da aka kawo kai da ƙafafu daga wajen babbaka na ce a ba ni, aikina ne. Na zuba ruwa na ɗauki wuƙa zan kankare kamar yadda na saba, sai na ga babu abin kankarewa. Kan ya yi ja-ja-ja kamar gasasshen burodi. Na wanke, ruwan bai yi baƙi ba. Na kai hanci, ƙaurin gashi kawai, babu warin roba. Na manta da kunyar suruki, na ɗaga murya na ce, "Da mi aka babbake wanga?"

Ya ce, "Da gas, Mma. An hana taya a nan."

Na ce, "Gobe ka kai ni in gani."

Kwatarsu tana gefen unguwa, kuma mata sun fi maza yawa a bakinta, masu sarin ganda. An yi wata doguwar rumfa mai bututun hayaƙi a sama, a ƙarƙashinta samari suna tsaye kowa da ƙarfe a hannu, tsawonsa kamar kamu biyu, da tiyo a gindinsa zuwa tukunyar gas. Wuta shuɗiya tana fita daga bakinsa da gurnani. Su bi kan saniya da ita, gashi ya narke, su juya. Na ɗaga kai na ga sama fes. Na tsaya ina kallo har surukina ya taɓa mayafina ya ce kakansa yana son ganina.

Alhaji Tsoho ake ce masa, ƙanen kakan surukina ne. A Birnin Tudu aka haife shi, ya biyo shanu yana saurayi bai sake komawa ba. Da na gaishe shi na ce, "Ina kwana Baba, ina gajiya, ya muka iske ku?" sai ya riƙe sandarsa, hawaye suka zubo. Ya ce rabonsa da jin wannan harshe ya manta. Ya yi ta tambayata mutanen da tun ina yarinya aka binne su. Da muka natsa na gaya masa halin da na baro, da tarin Malam, da wa'adin duba-gari. Na ce, "Baba, ku ya aka yi kuka rabu da taya?"

Ya ce, "Ba mu muka rabu da ita ba, raba mu aka yi. Ga wadda ta fara can." Ya nuna wata tsohuwar Ba'asantiya mai ƙiba da ke zaune a kan kujera tana lura da masu yi mata awon ganda. Ya ƙwala mata kira, "Maame! Zo ka gaya wa baƙuwa yadda ka so kashe mu da yunwa."

Ta taso tana dariya, ta zauna, da Hausarta ta zango. Su biyu suka ba ni labarin, wannan ya faɗa wannan ta gyara.

Alhaji ya ce da farko kwatar a daji take, babu wanda hayaƙi ya dama. Gari ne ya yi ta matsowa har ya kewaye su. Maame ta ce ita a lokacin wanki take yi wa mutane, kullum kayan da ta shanya sai sun koma baƙi, ga ɗanta ba ya iya numfashi. Ta tara matan unguwa suka ɗauki zannuwan gadon da hayaƙi ya ɓata, suka je ofishin hukumar birni suka shimfiɗa su a ƙofa.

"Sai aka yi dokar farko," in ji Alhaji. "Wai mu yi babbaka da asuba kawai, kafin mutane su fito."

"Dokar banza," in ji Maame. "Da asuba hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake yi ya shiga ɗaki. Da muna shaƙa a tsaye, muka koma shaƙa a kwance."

Matan suka koma. Aka yi doka ta biyu, aka ɗauke wurin babbaka aka kai bayan gari. Aka samu sauƙi na ɗan lokaci, sai gari ya sake biyo su, sababbin maƙwabta suka fara nasu kukan. Daga nan hukuma ta fusata ta hana taya gaba ɗaya, wanda aka kama a ci shi tara a ƙwace naman.

Na ce, "Shi ke nan aka daina?"

Alhaji ya yi tsaki. "Aka daina a fili. Ɗiyata, ka hana mutum abin da yake ci da shi ba ka ba shi wani ba, ina za shi? Muka shiga rami da kango muna yi a ɓoye. Hayaƙin da ke wuri ɗaya ya watsu ko'ina. Naman ma ya fi ƙazanta, don a ƙasa ake yi, cikin sauri. Ni da kike gani sau da yawa na tsallake katanga da kan saniya a kafaɗa."

Maame ta ce a lokacin ko gaisuwa ba sa yi da shi, in ta wuce sai ya tofar da yawu. Ta ce abin ya canja ne da aka kawo wata jami'ar lafiya wadda, maimakon ta zo da 'yan sanda, ta zo ta zauna a kan benci ta tambayi masu babbaka me zai sa su bar taya. Suka ce a ba su wutar da ta kai ta zafi. Aka je unguwar makanikai, masu walda suka yi ta gwaji har suka fitar da ƙarfen nan. Aka ba da lokaci kowa ya koya, aka gina rumfa, sannan aka dawo da dokar hana taya. Amma a wannan karon ƙungiyar mahauta aka ba riƙon dokar, su ke kama nasu.

"Wanda jami'i bai gani ba, ɗan'uwansa ya gani," in ji Alhaji. "Ni da na fi kowa taurin kai, ni aka naɗa mai kamawa."

Ya ce daga baya aka bi ta kan masu ƙona shara a lungu, aka ce masu gidan burodi su ɗaga bututunsu sama, har motar da ke tuƙa hayaƙi ana tsayar da ita. Ba zan yi muku ƙarya ba, Kumasi ba Aljanna ba ce. Na ga hayaƙin motoci a tsakiyar kasuwa har idona ya yi ruwa, kuma Alhaji da kansa ya ce har yanzu akwai masu satar ƙona taya a wasu wurare. Amma a unguwarsu farin zane yana bushewa fari.

Da zan tashi ya ce, "In kin koma ki gaya musu, kada su bi hanyar da muka bi duka. Mun ɓata shekaru a kan dokokin da ba su yi aiki ba. Ku fara daga inda muka ƙare."

Sauran zamana, in na gama yi wa Auta wanka da safe sai in tafi kwata. Samarin suka koya mini buɗe tukunya, da gwada tiyo da ruwan sabulu don a ga ko yana yoyo, da kunnawa, da kashewa. Ranar farko na ƙone gefen mayafina da rabin girata, aka yi ta tafi. Kafin Auta ta yi arba'in ina babbake kan sa ni kaɗai. Ranar da za mu taso mahautan suka kawo mini sabon ƙarfe da tiyonsa kyauta, Maame ta ƙara mini da atamfa. Na naɗe ƙarfen a cikin zane na ɗaure da igiya.

Iyakokin waje duk muka wuce lafiya. Sai da muka shigo ƙasarmu, bayan mun baro Sakkwato muna dab da kwanar Bakura, jami'an tsaro suka tsayar da mu a shinge. Ɗaya ya buɗe but ɗin mota yana taɓa kaya, hannunsa ya faɗa kan ƙunshina. Ya shafa, ya ji dogon ƙarfe, ya ji mariƙi, ya ji wani ɗan maɓalli a ƙasa. Ya ja da baya ya daka tsawa, "Kowa ya fito! A zauna a ƙasa!"

Muka zube a bakin titi. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da ake safara a hanyar nan. Babbansu ya zo ya ce, "Kayan wane ne wannan?" Na dubi Ɗanjuma, mai cewa babu shingen da bai sani ba, na ga yana ta salati. Na ɗaga hannu na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Mama, mene ne wannan?"

"Abin babbaka ne."

"Abin me?"

Na yi bayani, bai gamsu ba. Ya ce za a wuce da ni da ƙarfen ofishinsu a bincika. Na san in aka shiga wannan, ko an sake ni ƙarfen ya tafi. Na duba gefe na ga mai shayi yana soya ƙwai a kan tukunyar gas, can kuma ga mai tsire da ƙafafun akuya a tire ba a babbake ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini tukunyar can da ƙafa guda. In ƙarya nake yi ku tafi da ni."

Ya ce a kawo. Suka ja baya, bindigoginsu a hannu. Na ɗaura tiyo, na karɓi ruwan sabulun mai shayi na gwada, na yi bisimilla na ƙyasta ashana. Wuta ta yi gurnani ta fito shuɗiya, wani fasinja ya yi ihu ya kwanta. Na bi ƙafar akuya da ita sama da ƙasa, na kankare na miƙa wa babban nasu. Ya juya ta, ya shinshina, sai ya fashe da dariya. Ya ce a garinsu uwarsa ganda take sayarwa, kuma hayaƙin taya ya cinye mata ido. Ya sa yaransa suka naɗe mini ƙarfen da kansu. Mai tsire kuwa ya biyo mu har mota yana roƙon in yi masa sauran ƙafafun.

Na iso gida na tarar wa'adi ya matso, an fara maganar filin da za a kai masu babbaka. Na nuna wa Malam ƙarfen a tsakar gida, ya duba ya ce, "Sai Baba Mamman ya yarda." Baba Mamman shi ne babban masu babbaka a kwatarmu. Muka je, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da na gani. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Kulu, tun kakanninmu ba a taɓa yin mace ta koya ma namiji babbaka ba. Kuma wanga abu in ya hwashe, wa za ya tsince mu?"

Malam, wanda ba ya son magana a gaban manya, ya ce, "Baba, ni zan riƙe. In ya hwashe ni ya ɗauka."

Aka sa ranar Talata, ranar kasuwa. Mutane suka cika kwata, duba-gari ma ya zo. Malam ya riƙe ƙarfe, na buɗe tukunya, sai tiyo ya suɓuce daga gindinsa ya fara huci yana wutsil-wutsil a ƙasa kamar maciji. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Mahauta masu kayar da bijimi suka tarwatse. Baba Mamman, da kullum yake kukan gwiwa, a kan katanga aka same shi. Na rufe tukunya, huci ya tsaya, na tsaya ni kaɗai a fili da Malam, ana yi mana dariya daga nesa. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba.

Da yamma Madam Rifkatu ta shigo da mijinta Sunday, mai walda ne. Ya duba ya ce jijjigar hanya ce ta sassauta maɗaurin. Ya sa sabo ya ɗaure tam, ya kuma auna ƙarfen ya ce zai iya ƙera irinsa. Washegari ba mu kira kowa ba. Malam ya je gefen kwata ya kunna abinsa ya fara aiki. Da farko aka tsaya nesa. Da masu sayen kai suka ga nasa ja-ja-ja, na sauran kuma baƙi, sai layi ya koma wajensa. Matan da ke dafa ganda suka ce nasa ba ya cin sabulu da ruwa. Kafin kasuwa ta zagayo samari biyu sun je wajen Sunday. Baba Mamman ya zo da kansa wata safiya, ya tsaya a bayan Malam ya daɗe, sannan ya ce, "Ba ni in ji nauyinshi."

Da aka zauna da duba-gari, Baba Mamman ya sa aka kira ni, na zauna a bakin ƙofa. Na ba su labarin dokar asuba, da ta bayan gari, da ta tara, da yadda kowace ta ƙare. Duba-gari ya ce shi ma ba korar mutane yake so ba, hayaƙin yake so ya tafi. Aka yarda a ba kowa lokaci har Babbar Sallah ya mallaki ƙarfe ko ya haɗa da wani. Bayan Sallah babu taya a kwata. In gas ya yi tsada ko ya yanke, a yi da itace. Wanda ya saɓa, Baba Mamman ne zai hana shi aiki ranar kasuwa. Duba-gari ya kai ofishinsu aka amince, aka bar maganar bayan gari.

Ba a rasa masu gardama ba. An kama mutum biyu, ɗaya ma ɗan ƙanen Baba Mamman ne, kuma bai ɗaga masa ƙafa ba. Gas yana tsada, ana ƙorafi. Tarin Malam bai tafi duka ba, Madam ta ce abin da ya daɗe yana shiga ba ya fita rana ɗaya, amma yanzu yana kai sallar asuba ba ya tsayawa a hanya. Mahautan Bakura sun zo sun gani, Sunday har ya gaji da ƙera ƙarfe.

Kwanan baya na je biki Maradun. Ina ratsa kasuwa sai na ji gurnanin da na sani. Na leƙa na ga wani mutum yana babbake kan akuya da wuta shuɗiya, mutane sun kewaye shi. Na matsa na gaishe shi na ce, "Malam, ina ka samo wanga abu?"

Ya ce shi mutumin Dosara ne, a Mafara ya sayo. "Hajiya, ai wata mata ce ta kawo shi tun daga Gana. An ce doguwa ce, ƙaƙƙarfa, ta fi maza tsawo. Ita kaɗai ta tsaya gaban rundawan Mafara duka sai da suka bar taya."

Ni kuwa ko kafaɗarsa ban kai ba. Na ce, "Awo, na san ta."

Ya ce, "Don Allah in kin koma ki gaishe ta."

Na ce za ta ji. Na zaɓi kai guda mai kyau ya sa mini a leda, na wuce gidan biki ina dariya ni kaɗai. Alhamdu lillahi.